Baƙon Abatcha

Ni dai ban zo Gure da niyyar zama ba. Kasuwa uku na ce zan ci in koma Kura, garinmu na marina da ke kudu da Kano, sai ga shi na shekara tara ina cewa sai baɗi. A lokacin kuwa kudu mutane suke gudu, suna barin ƙasar Faransi saboda aikin dole. Ni kaɗai na juya wa kudu baya na nufo arewa, kuma har yau 'yan'uwana na Kura ba su yarda cewa da hankalina na yi ba.

Turkuɗi muka ɗauko, ni da abokan tafiya huɗu, don mu sayar wa Tubawa da Buzaye. Kwana biyu da saukarmu kurkunu ya fito mini a ƙafafu duka biyun. Abokan tafiya suka jira ni mako guda, suka ga abin ba mai ƙarewa ba ne, suka yi mini addu'a suka kama hanya. Ban ga laifinsu ba, ko da yake addu'ar ta so ta fi jiran tsawo. Suka bar ni a zauren mai masaukinmu, wani Bamange mai raƙuma da ake kira Abatcha. Dogo ne, mai tsadar magana, sana'arsa safarar kanwa zuwa Damagaram.

Wata uku ina kwance. Matarsa Yakura ke dama mini kunu, shi kuma in yana gari, kowace safiya shi ke zama ya naɗe tsutsar a jikin kara, kaɗan kaɗan don kada ta katse. Shi ya sayar mini da turkuɗin, ya kawo abin da aka samu ya tura ƙarƙashin tabarmata. Ko sau ɗaya bai tambaye ni ranar tafiya ba.

Da na miƙe sai na ce bari in yi godiya da abin da na iya. Na karɓi farin zanen Yakura, na haɗa baba da toka daidai yadda ubana ya koya mini. Abin da ban sani ba, ruwan rijiyar unguwar da kanwarsa yake fitowa, don haka tokar ta yi yawa, rinin ya lalace. Zane ya fito ba baƙi ba, ba shuɗi ba, dabbare-dabbare kamar bayan ƙadangare. Na so ƙasa ta tsage in shige. Yakura ta karɓa ta juya shi gaba da baya, ta sa mini albarka, washegari ta ɗaura shi ta tafi kasuwa kai a sama. Na rage toka, na sake gwadawa, a karo na uku ruwan Gure ya yarda da ni. Daga nan mata suka fara sallama a ƙofar zaure da zannuwa a hannu.

A Kura ni ɗaya ne cikin marina ɗari, kuma rijiyoyin rinin ubanmu yayyena sun riga sun raba. A Gure kuwa in an ce marini, ni ake nufi. Na je gida na ɗauko matata Zaituna, Abatcha ya yanka mana kusurwar gidansa ya kewaye da danga. Muka shiga koyon zama. Yashin garin ba ya riƙe rijiyar rini, sai na binne manyan tukwane har wuya. Baba sai an yi saƙonsa daga kudu, ayarin kanwa ya taho da shi in zai dawo. Zaituna shekara ɗaya ta iya Barbarci, harshen mutanen garin, har tana faɗa da shi a bakin rijiya. Ni kuwa har gobe in na buɗe baki da Barbarci, yara sai sun nemi wurin zama don su ji daɗin dariya. A nan aka haifa mana Habsu. A nan muka binne ƙanenta Haruna yana wata bakwai, kuma Abatcha ne ya shiga kabarin ya karɓe shi daga hannuna.

Abu ɗaya nake taƙama da shi, Allah ya yafe mini. Kowane rani gardi, wato ɗan sandan Faransawa, kan zo unguwa da takarda ya kira sunayen maza, kowa ya tafi ya yi kwana goma yana ɗaukar dutse a hanyar mota da Faransawa ke shimfiɗawa daga Damagaram. Ni ba a taɓa zuwa ƙofata ba. Na ɗauka don ni mutumin ƙasar Ingilishi ne, littafin kumandan, Baturen da ke mulkin garin, bai san da ni ba. Har na taɓa ce wa Abatcha, ina dariya, ashe baƙunci ma sarauta ne. Ya yi murmushi ya ci gaba da tufkar igiyarsa.

Shekara biyar bayan zuwan fara, an gama girbi ke nan, mai shela ya zaga kasuwa. Ya ce kumandan ya ce duk mutumin ƙasar Ingilishi da ke zaune a Gure ba sunansa a littafi, ko dai wani mai gida ɗan gari ya kai shi bariki a rubuta shi cikin mutanen gidansa, ko kuwa ya karɓi lasifase, wato takardar wucewa, ya bar ƙasar kafin tsayuwar wata. Kwana goma sha biyu suka rage.

Na dawo gida ina ta saƙe-saƙe. Ba na son tafiya, wannan kam na sani sarai. Amma na san abin da rubutun yake nufi: kai ya ƙaru a gidan mutum, in ka yi laifi shi za a kama, in ka ɓace shi za a tambaya. Wanda ya ci tuwon wani shekara tara, da wane baki zai ce a ƙara masa wannan? A tarbiyyarmu baƙo ba ya roƙo. Yakan zauna ne ya jira a yi masa tayi, in an yi ma sai ya ɗan ƙi kafin ya karɓa. Don haka na shirya ƙin nawa tsaf, na je zaure bayan la'asar na zauna ina jiran tayin.

Abatcha ya ba ni labarin wani raƙuminsa da ya kamu da ƙazuwa. Washegari na koma, ya ba ni labarin maganin da ya shafa masa. Rana ta uku na kawo zancen shelar da kaina, na ce, "Mai gida, ka ji abin da kumandan ya ce kuwa?"

Ya ce, "Na ji. Nasara ba ya gajiya da rubutu." Ya koma kan raƙumi.

Zaituna ta tare ni a bakin ɗaki. Ta ce, "Malam, ka buɗe baki ka tambaye shi mana."

Na ce, "Ke ba ki san kunya ba?"

Ta ce, "Na san ta. Ita za ta ɗaukar mana tukwane zuwa Kura?" Sannan ta ce a hankali, "Haruna fa? A nan za mu bar shi shi kaɗai?"

Sai na yi abin da maza kan yi in ba su da amsa, na ce ta kawo mini ruwan alwala.

Sai wata dabara ta faɗo mini, kuma a lokacin na ga ba a taɓa yin mai wayo kamata ba. Na fito da kayanmu tsakar gida, daidai inda Abatcha ke wucewa in zai je wurin raƙuma, na shiga ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, ina jan igiya da ƙarfi har da nishi. Lissafina shi ne zai gani ya ce, "Haba Malam, ina zuwa?" Ni kuma in ce ai ka ji shela, shi kuma ya ce to mu je bariki. Magana ta ƙare ba wanda ya roƙi wani.

Ya zo wucewa ya gani. Ya tsaya. Ya dubi kayan, ya dube ni, ya daɗe a tsaye, sannan ya wuce wurin raƙumansa.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Da gari ya waye sai na ji dakan Yakura tun da sassafe. Kafin azahar ga gumba a ƙwarya, ga cuku, ga buhun dabino an jingine a dangarmu. Da la'asar Abatcha ya jawo raƙuminsa mafi kyau ya durƙusar da shi a ƙofar gida. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wannan ba ya gardama. Zai kai ku har Gumel, yara ba za su wahala ba."

Na yi godiya, irin doguwar godiyar nan da baki ke yi zuciya ba ta ciki. Gaskiya haushi na ji, haushi mai ɗaci. Shekara tara muna cin tuwo a akushi ɗaya, a ce mutumin nan ya kasa furta kalma guda, zauna? Na ce a raina ashe da ma jira yake. An ce baƙo raɓa ne, to ga rana ta fito. Zaituna ta shiga ɗaki ta ja tufa ta rufe fuska, Habsu na ta tambayarta wa ya mutu.

Saura kwana huɗu na hau tudun bariki karɓar lasifase. Komi, wato magatakardan kumandan, wani ɗan Dahome ne siriri mai tabarau, Hausarsa a karye amma ana ganewa. Ya tambayi sunana da sana'ata da gidan da nake. Ya jawo wani babban littafi ya yi ta buɗawa, ya sa yatsa a wani layi.

Ya ce, "Alasan, marini, gidan Abatcha. To me ka zo yi? Shela ba ta shafe ka ba. Kai ɗan gari ne, shekara shida sunanka yana nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, an yi kuskure. Ni ba a taɓa rubuta ni ba."

Ya ce, "An rubuta. Lanho, harajin kai, ana biya. Aikin hanya ma ka yi, kwana goma kowace shekara, ba fashi."

Na nuna masa hannuwana, shuɗi har gwiwar hannu, laushi kamar na amarya. Na ce ni tunda uwata ta haife ni ban taɓa ɗaukar dutsen hanya ba. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ƙwala wa wani gardi kira. Garbai sunansa, shi ke tsaron masu aikin hanya a yankin Gidigir. Komi ya ce masa, "Ka san Alasan na gidan Abatcha?"

Garbai ya ce, "Ƙwarai kuwa."

"Shi ne wannan?"

Garbai ya ƙare mini kallo ya tuntsire da dariya. Ya ce, "Wannan ɗan guntun? Walla ba shi ba ne. Alasan dogo ne, da tsagen Mangawa, ba ya magana. In an yi kira shi ke fara amsawa. Bara ma dutse ya suɓuce ya faɗa masa a babban yatsan ƙafa, farce ya fita ɗungum, mutumin nan ko uffan. Ya ɗaure da tsumma ya cika kwanakinsa."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na san wannan yatsan. Bara Abatcha ya dawo daga wata tafiya yana ɗingishi, ya ce raƙumi ne ya taka shi. Ni kuma, ni ɗin nan, na yi ta zolayarsa, na ce shekara talatin kana bin raƙuma ba ka san inda suke sa ƙafa ba? Mutumin da kullum yana kan hanyar kanwa, wa zai lura in tafiyarsa ta ƙaru da kwana goma? Yakan yi nasa kwanakin a gyaran bariki, sannan ya wuce Gidigir ya yi nawa. An ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, amma ni na zauna da nawa shekara tara ko ƙurar halinsa ban kwasa ba.

Sai kuma tsoro ya kama ni, don na ga da bakina na tona masa asiri a gaban hukuma. Komi ya sallami gardin. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "Takarda ta ce akwai Alasan a gidan Abatcha, kuma an yi aiki. Takarda ba ta da ido." Ya rufe littafin. "Ni shekara goma sha ɗaya ina ƙasar nan, Malam. Ba wanda ya taɓa amsa kira a madadina. Har yanzu kana son lasifase?"

Na ce a'a.

Na sauko tudun nan ina tafe ina share ido da hannun riga, mutane na gaishe ni ina amsawa da ka. Na tarar da Abatcha a zaure, ya ɗora akumari a cinya yana ɗinke shi, wanda za a ɗaura wa raƙumin da zai kai mu Gumel. Ƙafafunsa a miƙe. Na dubi yatsan, sabon farce ya fito a karkace. Na durƙusa a gabansa.

Na ce, "Mai gida, daga bariki nake. Na ga Garbai."

Allurar ta tsaya. Wallahi sai ka ce ɓarawo aka kama da akuya a kafaɗa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Garbai bakinsa ya yi yawa."

"Don me ba ka faɗa mini ba?"

Ya ce, "Ana faɗa wa baƙo abin da ya ci?" Ya koma kan ɗinkinsa. "Shekarar da aka yi ƙidaya, mai gari ya ce wane ne wancan a gidanka. In na ce baƙo, ranar da suka rasa ɗan dako kai za su kama, ba mai bin sawunka. Sai na ce nawa ne. Hannunka kuwa in dutse ya farfasa shi, wa zai yi mana rini?"

"To ka ji shela, ka ga ina ta zuwa zaure, ba ka ce komai ba."

"Me zan ce? Shela ta baƙi ce."

"Guzurin fa? Raƙumin fa?"

A nan ne ya ɗago ya dube ni, na ga idonsa ya yi ja. Ya ce, "Na fito na ga kana ɗaure kaya. Na ce gida ya kira shi. Mu a wurinmu wanda ya ɗaure kayansa ba a ce masa zamna, sai ka ce bawanka ne. Kwana uku ban ji ɗanɗanon tuwo ba, Malam Alasan. Na yi ta tunanin me muka yi maka."

Sai muryar Yakura daga bayan danga, da ma ashe tana nan tana ji. Ta ce, "Kun ji su! Gemu biyu, an rasa mai baki ɗaya. Na daka gumba ina kuka, Zaituna na ɗaki tana kuka, su kuwa suna zaure suna zancen raƙumi mai ƙazuwa. Da mu aka bari da tuni an gama tun ranar shela." Na ji Zaituna ta yi dariya cikin kuka, sannan na ji ƙarar tukunya ana sauke ta ƙasa. Ba ta jira umarnin kowa ba ta fara kwance kaya.

Na ce a raina, Alhasan, yau dai sai ka faɗa da bakinka, ko kunya za ta kashe ka. Na ce, "Abatcha, ina so in zauna a Gure. Ina so in zauna a gidanka, in mutu a nan, a binne ni kusa da ɗana." Ranar ce na fara kiran sunansa tsirara ba mai gida ba.

Ya ce, "To wa ya ce ka tashi?"

Na ce, "Saura magana ɗaya. Bana in gardi ya kira sunana, ni zan amsa."

Na san halinsa, don haka na shirya gardama. Na ɗauka zai ce haba, ba a sa baƙo aiki, ni kuma in rantse, shi ma ya rantse, mu kai magariba muna ja. Ya ajiye akumarin gefe. Ya kamo hannuwana biyu ya juya tafin sama, ya daɗe yana duba su kamar mai taya kaya a kasuwa.

Ya ce, "Ka fara jiƙa su a ruwan bagaruwa tun yanzu, fata ta yi tauri. Ka tafi da tsumma mai yawa ka naɗe. Dutsen Gidigir kaifi gare shi, kuma kada ka ɗauka da baya, da gwiwa ake ɗauka. In an yi kira ka tsaya a tsakiyar layi, na gaba su ake ba manyan duwatsu."

Na ce, "Kai da aka ce kullum kai ke fara amsawa?"

Ya ce, "Ni ina tsoron kada su zo gida neman mai sunan."

An yi mini kyauta iri iri a duniya, amma ban taɓa jin daɗin wata kamar yadda na ji daɗin wannan izinin ɗaukar dutse ba. Baƙo ake hana wa aiki. Na riƙe hannunsa na kasa saki, na ce Allah ya saka, Allah ya saka.

Ya ce, "Ya isa, ƙanena. Tashi ka kai raƙumin nan kiwo, tun shekaranjiya yake ɗaure saboda kai."